Shin Ajiye Nakiya a Cikin Dutse Ya Fi Aminci?

Tambaya: "Assalamu alaikum Injiniya. Ni mai unguwa ne a wani ƙauye da ke gindin dutse, kuma shekara da shekaru akwai kamfanin da ke fasa dutse a gefenmu. Yanzu sun zo mana da maganar cewa za su daina ajiye nakiyarsu a ɗakin da suka gina a fili, za su haƙa kogo a jikin dutsen su mayar da ita can. Sun ce hakan ya fi aminci, wai ko ta tashi dutsen zai shanye. Jama'a sun dame ni da tambaya, ni kuma ba ni da ilimin abin. Shin gaskiya suka faɗa? In kuma Allah ya kawo tsautsayi ta fashe a can ciki, me zai same mu?"

Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Abin da kake son sani shi ne ko kogon da za a haƙa ya fi ɗakin da ke fili tsare rayukan mutanenka, da kuma irin ɓarnar da za ta biyo baya idan abin da ake gudu ya faru. Maganar da kamfanin ya yi muku akwai gaskiya a cikinta, amma kalmar nan ta "shanyewa" ita ce ban yarda da ita ba. Dutse ba ya shanye ƙarfin nakiya ya ɓace. Abin da yake yi shi ne ya tare ƙarfin ta wasu ɓangarori ya tura shi ta wasu, saboda haka amincinku ya rataya ne a kan inda aka tsara ƙarfin zai bi.

Idan nakiya ta tashi, kafin ƙiftawar ido daskararren abu yakan rikiɗe ya zama iska mai tsananin zafi da ke neman wurin da ya ninka nata na farko sau ɗaruruwa. A fili wannan iskar takan bazu ta ko'ina, tana raguwa gwargwadon nisan da ta yi, tana kuma watsa duk abin da ta tarar a gabanta. Shi ya sa babbar kariyar rumbun da ke fili ita ce tazara. Masu wannan sana'a suna da lissafin da suka daɗe suna aiki da shi, wanda yake cikin ƙa'idojin ƙungiyar tsaro ta NATO da na Majalisar Ɗinkin Duniya: tan ɗaya na abin fashewa mai ƙarfi yana buƙatar kimanin mita 220 tsakaninsa da gidajen jama'a, tan 8 kimanin mita 440, tan 27 kuma kusan mita 670. Wato sai kayan sun ninka sau takwas kafin tazarar ta ninka sau biyu. Wannan lissafin bugun iska kawai ya duba. Tarkacen da ke tashi sama kan wuce haka, kuma ko a wannan tazarar ba a ce gilashin taga ba zai fashe ba, an dai ce gini ba zai rufta a kan mutane ba.

Abin da ya sa ake shiga ƙarƙashin ƙasa

Dalili na farko, wanda ya fi shafar ƙasarmu, shi ne zafi. Duk abin fashewa sinadari ne, kuma sinadari yana tsufa. Zafi kuwa yana gaggauta tsufansa. Ɗakin kwano ko kwantenar ƙarfe a watan Afrilu, lokacin da zafin inuwa ma yake haura digiri 40, wuri ne da yake cinye kwanakin kaya. Gishirin nan na amoniyam naitiret, wanda shi ne ginshiƙin yawancin nakiyar da ake fasa dutse da ita a yau, ƙwayoyinsa suna sauya tsari a wajen digiri 32, kuma idan zafi yana hawa yana sauka ta wannan iyakar kullum, rana da dare, sai ƙwayoyin su dagargaje su koma gari, su fara tsotsar laima suna dunƙulewa. A cikin dutse, da zarar an yi nisa da bakin kogo, zafin ba ya motsi sosai tsakanin rani da damina. Ga kuma kariya daga tsawa, da gobarar daji, da harsashin da ya ɓata hanya, da ɓarayi, tunda ƙofa ɗaya ce za a tsare.

Dalili na biyu shi ne fili. Ƙasar Singafo, wadda ba ta da ƙasar da za ta bari fayau a matsayin tazara, ta buɗe rumbun makamanta a shekarar 2008 a cikin dutsen giranet na wani tsohon wurin fasa dutse da ke Mandai, kuma filin da rumbun ya tsare bai fi kashi ɗaya cikin goma na abin da irinsa zai ci a sarari ba. To amma an kai ga haka ne bayan shekaru ana bincike da gwaji, aka yi ɗakuna a can cikin zurfi, kowanne nesa da ɗan'uwansa yadda in ɗaya ya tashi ba zai tayar da na kusa ba, aka yi hanyoyi masu lanƙwasa da lungunan da ke kama tarkace, da manyan farfajiyoyi da iska za ta buɗe a ciki ta rage ƙarfi kafin ta kai waje. Idan wani ya ce maka ƙarƙashin ƙasa ya fi aminci, irin wannan ginin ne maganarsa ta hau. Ba ta hau kowane rami ba.

Ta ina ƙarfin yake fita?

Hanya ta farko ita ce bakin kogon, kuma ita ce ta fi damuna game da ƙauyenku. Kogon da aka haƙa a miƙe, ɗaki a ƙarshe, ƙofa a gaba, ba shi da maraba da bindigar mafarauci: albarushi a gindi, bututu a tsakiya, baki a waje. Iskar da a fili za ta rabu ta kowace fuska, a nan takan taru ta fito ta fuska ɗaya, ɗauke da ƙofar ƙarfen, da duwatsun da ta ɓamɓaro daga bango, da duk abin da aka jingine a hanya. Mutumin da ke bayan dutsen yana iya tsira ko da yana kusa, alhali wanda ke daidai saitin bakin, ko da ya fi shi nisa, abin ya same shi fiye da yadda rumbun fili zai yi masa. Don haka kafin komai, ka tsaya a inda suka ce za su sa ƙofar, ka juya bayanka ga dutsen, ka dubi abin da ke gabanka. In gidaje ka hango, ko makaranta, ko rijiyar da mata ke ɗiban ruwa, ko burtalin da shanu ke bi, to maganar ta tsaya nan har sai an sauya wuri. Masu tsari na gari sukan kuma gina tudun ƙasa ko katanga mai kauri a gaban ƙofar domin ta tare abin da ya fito.

Hanya ta biyu ita ce jikin dutsen kansa. Bugun yakan ratsa ta cikinsa kamar gajeriyar girgizar ƙasa, ya tsaga bango, ya ruguza ginin ƙasa da ya riga ya tsufa, ya rufta rijiya. A duwatsunmu na arewa akwai ƙarin abin dubawa, wato manyan ƙwallayen duwatsun nan da ke zaune a kan juna a gangare, waɗanda girgiza za ta iya gangaro da su kan gidajen da ke gindi.

Hanya ta uku ita ce rufin. Idan kaurin dutsen da ke saman ɗakin bai kai ba, ƙarfin zai fasa shi ya fito, kuma a lokacin dutsen da aka ce shi ne kariya shi zai zama abin jifa. A ƙa'idar da aka saba bi, tan ɗaya kaɗai yana buƙatar kimanin mita 10 na lafiyayyen dutse a kansa, tan 8 kuma kimanin mita 20, ban da ƙasa da ruɓaɓɓen dutsen da ke sama.

An ga abin da wannan ke nufi a Ingila ranar 27 ga Nuwamba, 1944, a wani wuri da ake kira Fauld, inda sojin saman ƙasar suka mayar da tsohon ramin haƙar jifsam, wato dutsen da ake yin filasta da shi, rumbun bama-bamai. Tsakanin tan 3,500 zuwa 4,000 ne suka tashi. Rufin ya buɗe, aka sami wawakeken rami mai zurfin kusan mita 30 da faɗin da ya haura mita 200, wanda yana nan har yau. Wata gona da ke saman wurin, da gidanta da mutanenta da dabbobinta, ta ɓace ɗungurungum. Kimanin mutum 70 suka rasu, kuma abin lura shi ne da yawansu ba wutar ce ta kashe su ba: wata madatsar ruwa da ke kusa ta fashe, ruwa da taɓo suka malalo suka binne ma'aikatan masana'antar filasta da ke ƙasa da ita. Abin da binciken hukuma ya fi karkata a kai shi ne cewa wani ma'aikaci ne ya yi ƙoƙarin cire abin da ke tayar da wani bam da kurfin tagulla a cikin rumbun, aikin da bai kamata a yi shi a can ba sam. Duk kaurin ƙasar da ke sama bai hana hannun mutum ɗaya jawo abin ba.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, wato wahalar da ke biyo bayan fashewar. A watan Disamba na 1947 rumbun makaman sojin Suwizalan da ke cikin dutse a ƙauyen Mitholz ya tashi, mutum 9 suka rasu, tarkacen da ya fito ta ƙofofin ya rushe gidaje da tashar jirgin ƙasa. Daga cikin kimanin tan 7,000 da ke ciki, wajen rabi bai tashi ba, dutse ya rufta a kansa. Aka ɗauka magana ta ƙare. Sai a 2018, bayan shekara 70, sabon bincike ya nuna cewa haɗarin abin da ke binne ya fi yadda aka zata, a 2023 kuma majalisar ƙasar ta amince da kashe sama da faran biliyan biyu da rabi, kuɗin ƙasar, domin tono shi, tare da cewa mazauna kusa da wurin za su bar gidajensu na tsawon shekaru kusan goma. Rumbun fili in ya tashi ana ganin abin da ya rage a tsince shi. Na cikin dutse yana iya barin gādon da jikoki za su biya.

Abin da na gani a wajen aiki

A iya zamana a wuraren fasa dutse, abin da ya fi lalata kayan da aka ajiye a ƙasa shi ne ruwa. Dutsen da kake gani ƙeƙashe a watan Maris, in Agusta ta zo sai ka ga tsagoginsa suna tsatsafo da ruwa. An taɓa kira na in duba wata ajiya da wani ɗan kwangila ya yi, inda ya binne kwantena a gefen tudu ya rufe ta da jar ƙasa, yana ganin ya yi dabara. Da aka buɗe ƙofar, rufin ƙarfen ya lotsa saboda nauyin ƙasa, raɓa tana ɗiga daga sama, katan-katan na layin ƙasa sun jiƙe sun saki har sandunan nakiyar sun zubo. A jikin takardar wasu tsofaffin sanduna akwai tabon maiƙo, katakon da ke ƙarƙashinsu ma ya yi duhu da shi, kuma ba mu daɗe a ciki ba kaina ya fara sarawa. Duk wanda ya yi aiki da tsohuwar dinamait ya san wannan ciwon kan. Alama ce ta cewa sinadarin naitirogilisarin ya fara tsattsafowa daga sandunan, wanda a wajen aiki muke cewa nakiya ta yi gumi, kuma a wannan halin ja ko faɗuwa kaɗan na iya tayar da ita. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kwalin ditoneta, wato 'yan ƙananan kawunan da ake tayar da nakiya da su, yana ajiye a kusurwar kwantenar guda. Doka ta farko a wannan aiki ita ce ba a haɗa su ɗaki ɗaya. Muka fito a hankali, aka rufe wurin, aka kira masu kwance bam.

Kogo yana buƙatar magudanar ruwa, da hanyar shigar iska da fitarta, da fitilun da ba sa tartsatsi, da mutumin da zai riƙa auna laima yana juya kaya domin tsoho ya fita kafin sabo. Duk waɗannan kuɗi ne na kullum, kuma su ne abin da ake fara yankewa idan kasuwa ta ja baya.

Abin da fashewa ke yi wa mutane

Wanda ke kusa sosai bugun iskar kan fasa masa dodon kunne, ya ji wa huhu da hanji rauni ba tare da an ga jini a waje ba. Mutum na iya tashi ya yi tafiya da ƙafarsa, sai bayan sa'o'i numfashi ya fara gagararsa, saboda haka duk wanda abin ya buga, musamman wanda kunnensa ya toshe ko yake tarin jini, asibiti za a kai shi ko ya ce lafiyarsa lau. Waɗanda ke nesa kuwa tarkace da gilashi da ruftawar gini ne ke raunata su. A birnin Halifax na Kanada a 1917, mutane da yawa sun rasa idanunsu ne saboda sun tsaya a bakin taga suna kallon jirgin ruwan da ke cin wuta kafin ya fashe.

Hayaƙin ma abin tsoro ne, kuma a kogo ya fi muni domin ba ya saurin bajewa. Akwai iskar kabon monoksaid wadda ba ta da launi ba ta da wari, akwai kuma hayaƙi mai launin ruwan goro wanda ke ƙona huhu a hankali, illarsa ta bayyana bayan an koma gida. Sau da yawa masu shiga ceto da gaggawa su ne ke ƙara yawan gawa. Haka nan fashewa ba ta cika tsayawa a ta farko ba. A gobarar rumbun makamai na unguwar Gudji a Injamena cikin Yunin 2024, an ɗauki lokaci abubuwa suna tashi suna faɗawa cikin unguwanni. Idan wuta ta kama a rumbun nakiya ba a zuwa da bokiti, gudu ake yi.

Amma gudun ma sai da tsari. Ranar 27 ga Janairu, 2002, da rumbun makaman barikin Ikeja a Legas ya tashi, mutum sama da 1,000 suka rasu, kuma mafi yawansu ba fashewar ce ta taɓa su ba. Firgita ce ta kora su cikin duhu suka afka magudanar ruwa ta Oke-Afa wadda ciyayi suka lulluɓe, aka tattake juna aka nutse. A ganina wannan ne darasin da ya fi kusa da aikinka na mai unguwa: jama'arka su san tun yau ta wace hanya za su bi, a ina za su taru, wa zai ɗauko yara daga makaranta.

Abin da za ka nema a wurin kamfanin

A Najeriya Dokar Abubuwan Fashewa ta 1964 da ƙa'idojinta na 1967 ne ke tafiyar da wannan harka, kuma sashen sufetocin ma'adinai na ma'aikatar ma'adinai ta tarayya shi ke ba da lasisin rumbu. Lasisin na wuri ne takamaimai da adadi takamaimai, saboda haka wanda suke da shi na ɗakin da ke fili bai rufe sabon kogo ba. Ka nemi su nuna maka amincewar hukuma a rubuce, su faɗa maka tan nawa ne iyakar abin da za a ajiye, mita nawa ne kaurin dutsen da zai kasance a saman ɗakin, wane masanin duwatsu ne ya duba tsagogin wurin, ina za a ajiye ditoneta, kuma wace tazara ce tsakanin kogon da inda suke harba dutse kullum, domin girgizar aikinsu na yau da gobe tana iya sassauta rufin kogon. Ka nemi a zo da jami'in ma'adinai na jiharku a yi zaman a gabansa, da hakimi ko wakilinsa, a kuma rubuta abin da aka amince. Kamfanin da ya yi lissafinsa ba zai ji nauyin waɗannan tambayoyi ba.

Ra'ayina shi ne, ga kamfanin fasa dutse da ke ajiye tan kaɗan, ɗaki mai kyau a fili, nesa da gari, kewaye da tudun ƙasa, mai rufi marar nauyi, da sandar kariya daga tsawa, da fili sharare babu ciyawa a kewayensa, yakan fi kogon da aka haƙa da araha aminci, kuma ya fi sauƙin dubawa. Abin da ya fi duka biyun shi ne rage yawan abin da ke kwana a wurin, a riƙa kawo na aikin 'yan kwanaki kawai. Kogo yana cin kuɗinsa ne idan kayan suna da yawa ƙwarai, dutsen lafiyayye ne mai zurfi, kuma akwai masu ilimin tsara shi. Ban ga dutsenku ba, ranka ya daɗe, kuma hukuncin ƙarshe sai wanda ya taka wurin da ƙafarsa ya auna. Yana yiwuwa naku ya cika sharuɗɗan, musamman in ƙofar za ta kalli daji.

Tunda kana da ido a kan unguwa, ka kula har da ƙananan masu haƙar ma'adinai da masu fasa dutse da hannu, waɗanda ke sayen nakiya ta bayan fage su binne ta a tsakar gida ko a ƙarƙashin gado don gudun hukuma. Fashewar da ta auku a unguwar Bodija ta Ibadan ranar 16 ga Janairu, 2024, wadda ta kashe mutum 5 ta raunata sama da 70 ta kuma rushe gidaje da dama, gwamnatin jihar Oyo ta danganta ta da abubuwan fashewa da masu haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba suka tara a gidan zama. Rami mai zurfin ƙugu ba ya tare komai, sai dai ya jiƙa kayan ya kuma ƙara tsakuwa a cikin abin da zai tashi. Idan labarin irin wannan ajiya ya zo maka, kada ka bari a tono ta ko a matsar da ita. A fitar da mutane daga gidan da maƙwabtansa, a sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa domin su turo sashensu na masu kwance bam.